Koren Haki a Tsakar Gidanmu na Tawa

Ranar sunan ɗan Usmanu ina zaune bayan zana ina tsinke zogale, sai na ji wani dattijo cikin masu cin goro ya ce, "To, Mai Gazon ya samu jika. Allah shi sa kada shi gado shukar haki." Aka yi dariya. Na leƙa ta ramin zana, na ga Usmanu ya sunkuyar da kai yana irin murmushin wanda aka tuna wa abin kunyar gidansu. Tun ranar nake juya abin a raina. Ku ukun, Rabi da Usmanu da Nana, kun tashi kuna jin labarin ubanku guntu-guntu a bakin mutane: wai ya dawo daga Abijan da taɓin hankali, wai ya kashe saniyar kawunsa da ciyawar Nasara, wai ya gudu ya bar mu. Ni da na zauna da shi ban taɓa tara ku na faɗa muku ba. Yanzu idanuna sun fara gajiya, gara in rubuta tun ina ganin layi.

Kun san ni da littattafai. Tun ina budurwa nake ɓoye kuɗin ƙuli-ƙuli in sayi ƙananan littattafan soyayyar nan da ƴan kasuwa ke kawowa daga Kano, in shige bayan rumbu in karanta har a neme ni. A cikinsu kullum akwai wani lambu inda masoya ke zama suna magana a hankali, ni kuwa ban taɓa ganin lambun da ba na albasa ba. Da aka ɗaura mana aure da ubanku yana cikin ƴan biɗa, mazan Adar da ke tafiya kudu neman abinci su bar matansu da uwayensu shekara da shekaru. Shi sai ya yi abin da ba a cika yi ba, ya ce da ni zai tafi. Inna, kakarku, ta yi faɗa har ta gaji, shi kuwa ya yi shiru har ta sauko. Haka yake cin galaba a kan mutane, da shiru.

Aikinsa a Abijan kula da lambun gidan wani mai kuɗi ne, aka ba mu ɗaki ɗaya a bayan gidan. Da safen da na fara buɗe ƙofar ɗakin nan na ɗauka mafarki nake. Tun daga bakin ƙofarmu har gindin katanga ƙasa ba ta ganuwa, sai ciyawa gajera, kore shar, a shimfiɗe kamar darduma. Gazon suke kiranta. Ba a cinta, ba a ba dabba, don ido da tafin ƙafa kaɗai ake shuka ta. Ruwa a can ba a roƙonsa, zuwa yake da kansa, wani lokaci sau biyu a yini, ya sauka a kan kwano da ƙarfi har ba ka jin maganar na kusa da kai, sannan ya ɗauke rana ta fito, kowane tsinken ciyawa da ɗigon ruwa a kansa yana ƙyalli. Na taɓa kafa sanda don igiyar shanya, kafin wata ya zagayo ta yi ganye. Akwai ayaba a kusurwa, da gwanda, da wasu furanni ja masu faɗin tafin hannu, da ciyawar shayi da nake tsinka in jefa a tukunya. Idan ubanku ya tura injin aski a kan gazon, wani ƙamshi ke tashi mai sanyi wanda har yau ban samu abin kwatanta shi ba. In masu gida sun yi tafiya sai in cire takalmi in yi ta yawo a kai, ruwan yana shiga tsakanin yatsuna, Rabi tana rarrafe ba ƙaya ba tsakuwa ba kunama. Shi yana tsaye da almakashinsa yana kallonmu.

"Sahiya," ya ce mini wata rana, "a Adar mu ka roƙon ƙasa ta tsiro. Nan kuwa aikina duka in ba ta haƙuri ta dakata."

A shekarun nan ne na yarda littattafaina ba ƙarya suke yi ba. Can aka haifi Rabi da Usmanu, can na yi ƙiba har zobena ya ƙi fita.

Sai ƙasar ta rikice. Aka fara tare baƙi a hanya ana tambayar takardu, mai gidan ya kwashe iyalinsa ya bar ƙasar, aka rufe gidan. Muka bi ayarin masu komawa gida a babbar mota, mutane kamar buhunan gero. Kowa ya ɗauko abin da ya fi ƙauna. Ubanku ya ɗauko jijiyoyin gazon cike da buhun algarara jiƙaƙƙe, ya rungume shi a cinya tun daga can har Tawa. Duk inda aka tsaya sai ya kurɓi ruwa sau ɗaya ya zuba wa buhun sauran.

Da muka iso, Inna ta gama kukan murna ta zauna a buɗe kaya, kamar yadda ake yi wa duk ɗan biɗa. Ta kwance bakin buhun, ta tsaya.

"Mamman, mi ne ne wanga?"

"Haki na, Inna."

"Haki? Ɗiyan mutane sun dawo da radiyo da atamhwa, kai ka dawo min da haki? Akuya ta aike ka?"

Matan maƙwabta suka fashe da dariya, kafin la'asar unguwa duka ta ji. Washegari ubanku ya ɗauki diga ya fasa tsakar gida, jar ƙasar nan tamu mai duwatsu, faɗin ɗaki biyu. Ya tsince duwatsun da hannu, ya kawo baƙar ƙasa daga fadama a amalanke, ya gauraya da takin awaki, ya dasa jijiyoyin layi-layi, ya yi musu rumfar kara saboda rana.

Ni abin da ke raina daban ne. Na san mazan Adar. Suna dawowa su yi wata biyu ko uku, in guzuri ya ƙare sai ka ga sun fara zama a tasha suna tambayar direbobi labarin hanya. Ina da cikin Nana a lokacin. Na same shi durƙushe yana danna ƙasa da babban yatsa, na ce, "Malam, ka dawo ke nan, ko kai ma za ka koma?"

Ya gama danna ƙasar, ya ɗago. Sannan ya ce, "In wagga ta kama a ƙasar Tawa, ni ma na kama. Muddin tana kore, ina nan."

Wataƙila shi wasa yake yi. Ni da aka raina da littattafai ban san wasa a irin wannan magana ba, na ɗauke ta alkawari, na ɗaure ta a zuciya. Daga ranar ciyawar nan ta zama mijina a wurina: in ta yi kore hankalina ya kwanta, in na ga tsinke ɗaya ya yi rawaya sai in kasa cin tuwo.

Ruwa kuwa kun san Tawa. Pampon unguwa in ya kawo yau, gobe sai iska. Ubanku ya samu aiki a lambun albasar wani a fadama, kullum da yamma ya dawo da bido biyu, wato jarkokin ruwa, a kafaɗa. Ni kuma na zama mai tsince ruwa kamar yadda ake tsince hatsi. Ruwan ɗaurayar ƙarshe wanda sabulu ya fita, ruwan wanke shinkafa, ragowar buta, duk na gazon ne. Na ajiye dutse a bakinta na ce kowa ya yi alwala a nan don ruwan ya zuba a kai. Baƙi su yi suna dariya. Inna ta ce ita ba za ta yi wa haki alwala ba, ta ci gaba da yin tata bayan ɗaki. Amma ciyawar ta kama. Ta miƙa hannuwa ta haɗe layukan, ta rufe ƙasa ruf. Ranar Juma'a da safe yakan aske ta da almakashi, ya tara askin a ƙwarya ya kai wa awakin Inna, ita kuma ta karɓa tana gunaguni. Da yamma mu shimfiɗa ƙafafu a kai, ya yi shayi, ƙamshin nan ya tashi kaɗan, ba kamar na can ba, amma ya isa. A kanta na zauna ranar da na fito daga wankan jegon Nana. Watanni suka wuce, abokansa suka koma kudu ɗaya bayan ɗaya, shi bai ko leƙa tasha ba.

Daminar shekarar ta yanke tun gero bai cika ido ba, abin da ya rage fara ta sauka ta share. Kafin bazara ta tsaya daji ya zama kamar an share shi da tsintsiya. Mutanen ƙauye suka fara zare bunun ɗakunansu suna ba dabbobi, awaki suna cin kwali da tsumma a juji. A kasuwar dabbobi za ka ga saniya kwance, sai maza sun kama wutsiya da ƙaho sun ɗaga ta kafin ta tsaya. A cikin wannan hali gidanmu kaɗai ke da kore a unguwar. Dariyar da ake mana ta koma wani abu dabam. Mata su shigo aron wuta, su tsaya su daɗe suna kallon tsakar gida. Wata ta ce mini a bakin pampo, "Ku da ke shayar da haki, ai sai ku bar mu mu fara ɗiba." Lambun albasar ma ya tsaya don rijiyarsa ta ƙafe, ubanku ya koma dako a kasuwa, amma bai taɓa shigowa gida ba bido a kafaɗa.

Wata Juma'a da hantsi muka ji sallama a zaure. Kawu Nomau ne, ƙanen Inna, daga wani ƙauye a gefen Affala. Shi ya riƙe ubanku yana yaro bayan rasuwar kakanku. Na san shi da garke, mutum mai faɗin kafaɗa da dariya mai ƙarfi. Wanda ya shigo ranar tsoho ne, rawaninsa ya yi masa yawa, yana jan igiya. A ƙarshen igiyar jar saniya ce ƴar Azawak, haƙarƙarinta a fili kamar kwarangwal ɗin rumbu, ga ciki. Ita kaɗai ta rage masa. Da ƙafa suka zo, yana tafiya yana jiranta.

Ya sha ruwa, aka gaisa, bai taɓa furar ba. Idonsa na kan tsakar gida.

"Ashe gaskiya ta," ya ce. "An hwaɗa min can ƙauye Mamman na da haki ɗanye cikin gida, na ce ƙarya a kai. Ɗana, ban zo roƙon hatsi ba. Wagga in ta kai damina ta haihu, gidana ya tashi. In ta hwaɗi, ni da ita mun hwaɗi tare."

Ubanku ya tashi ya shiga ɗaki, na bi shi. Na rufe ƙofa na ce, "Malam, a ba ta askin. A sayo mata dusa, in sayar da zannuwana."

"Askin ƙwarya guda na, Sahiya. Kin ga cikinta."

"Za ta cinye har saiwa. Ka tuna abin da ka ce mini."

Ya dube ni, ya gane maganar da nake nufi, na ga fuskarsa ta canja kamar bai san na riƙe ta haka ba. Ya ce, "Mutumen ga shi yac ciyar da ni ina maraya. In ce mishi hakina na kallo na?"

Shi da kansa ya fita ya kwance rumfar kara, ya kama igiyar ya jawo saniyar. Wannan nake so ku riƙe: babu wanda ya tilasta shi.

Kawu Nomau ya san shanu. Ya ce dabbar da ta daɗe da yunwa ba a sakinta a ɗanyen haki, sai kaɗan-kaɗan, in ba haka ba cikinta ya kumbura. Ya ɗauko turke ya kafa a bakin ciyawar, ya gajarta igiya yadda bakinta zai kai taki ɗaya kawai. Ya buga turken da dutse kamar yadda ya saba bugawa duk rayuwarsa, ya girgiza shi ya ga ya tsaya. A ƙasar Adar turken da aka buga haka sai an haƙa kafin ya fita. Amma wannan ba ƙasar da ya sani ba ce, baƙar ƙasar fadama ce da taki, wadda muka shekara muna jiƙawa safe da yamma. Shi bai san da haka ba, ubanku kuma da ya san ƙasar bai taɓa ɗaure saniya ba. Aka kira salla, suka yi alwala suka tafi masallacin Juma'a. Ni na shige ɗaki na juya wa ƙofa baya, don ba zan iya kallo ba, Nana tana shan nono. Inna ta kishingiɗa a nata ɗakin saboda zafi.

Nishi ne ya fito da ni. Na tarar turken yana kwance a ƙarshen igiya da laka a jikinsa, saniyar tana tsakiyar gazon, ta share fiye da rabi, ta kuma kifar da bidon yamma ta shanye abin da ta samu. Gefen cikinta na hagu ya tashi kamar ganga. Tana buɗe baki tana neman iska, ta durƙusa, ta kwanta. Na yi kururuwa Inna ta fito.

"Wayyo Nomau! Nemo namiji, Sahiya, nemo namiji a yanka ta!"

Na fita da gudu ba mayafi. Na bi layinmu, na bi na bayansa, ina buga ƙofofi. Ko'ina mata da yara, duk wani mai gemu yana masallaci, ana jin huɗuba daga nesa. Na dawo na ɗauko wuƙar ubanku na durƙusa a wuyanta. Inna ta riƙe hannuna gam.

"Mace ba ta yanka. Wa za shi ci? Aje!"

Daga baya na ji malamai suna cewa yankan mace ya halatta, amma a unguwarmu a lokacin babu wanda zai kai shi baki. Muna nan riƙe da juna, ni da ita da wuƙar, saniyar ta miƙe ƙafafu ta yi shiru. Ko nama ba a samu ba, ta tafi mushe da ɗanta a ciki.

Da suka dawo, Kawu Nomau ya tsaya a kanta ya daɗe. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya tsuguna ya kwance igiyarsa daga wuyanta, ya naɗe a hannu a hankali, ya ce, "Da na bar ta can, da ta mutu a gida." Aka kawo amalanken jaki aka fitar da ita bayan gari, mutane tsaye a ƙofofinsu suna kallo. Kafin magariba labari ya zama cewa hakin Nasara dafi ne. Kawu bai kwana ba, ya kama hanyar Affala da igiyarsa. Inna ta daina yi wa ubanku magana sai gaisuwa. Abin da ya rage na ciyawar, kofato ya tattake shi, babu rumfa, kuma ubanku bai sake shigowa da bido ba. Rana ta ƙone wurin ya koma launin ƙasa.

Ba da daɗewa ba na ga yana wanke jakarsa. Na zauna a bakin gado ina kallonsa, duk kalmomin da na haddace a littattafai suka gudu suka bar ni.

"Ba gudu ni kai ba," ya ce. "Ba ni iya haɗa ido da Kawu sai na tsai da mishi wata a turke. Nan kuwa dako ba shi sayen saniya."

"Yaushe za ka dawo?"

"In ta samu."

Ya ɗauki Nana ya sunsuni kanta, ya shafa kan Usmanu, ya ce wa Rabi ta riƙa taimakona. Ban raka shi tasha ba, matan Adar ba su rakiya, a zaure muke tsayawa.

Damina ta faɗi bayan tafiyarsa, ruwa mai yawa kamar ana biyan bashin bara. Da safe na fito shara sai na ga wasu ƴan tsinkaye kore sun huda ƙasa a inda saniyar ta kwanta, sannan nan, sannan can. Ashe saiwar ba ta mutu ba. Kafin wata ya ƙare tsakar gida ta rufe fiye da da. Na yi kuka na yi dariya kamar mahaukaciya. A zamanin babu wayar salula a hannun talaka, kaset muke aikawa. Na ari radiyo mai ɗaukar murya, na kore ku waje, na zauna a kan ciyawar na yi masa magana. Na ce ta tsiro, tana kore, alkawari na nan, ya dawo ko da saniya ko babu. Na naɗe kaset ɗin a ƙyallen ɗankwalina na ƙulle, na ba wani Isuhu, ɗan unguwarmu da ke komawa Abijan.

Amsa ba ta zo ba. Bayan girbi Isuhu ya dawo, ya yi sallama a zaure da jakar ubanku a hannu, tun bai buɗe baki ba na sani. Ya ce gidan lambun yana rufe har lokacin, ubanku ya shiga dako a tashar jiragen ruwa, yana kwana ɗaki ɗaya da ƴan Adar da yawa, ba ya cin abinci sai sau ɗaya don ya tara kuɗi. Zazzaɓi ya kama shi cikin ruwan can, ya ƙi kwanciya har ya kayar da shi. Su suka yi masa sutura. Abin da ya tara an kai wa Kawu Nomau kamar yadda ya yi wasiyya, ya sayi karsana da shi, jikokinta ne kuke gani a garken ƴaƴansa yau.

Na buɗe jakar. Riguna biyu, carbi, almakashinsa, da kaset ɗina a cikin ƙyallen, ƙullin da na yi da hannuna yana nan yadda yake. Na fito da shi zaure na ce, "Isuhu, ba ka ba shi ba?"

"Na ba shi hannu da hannu, wallahi. Radiyo guda gare mu a ɗakin, kowa in an aiko mishi kaset, gaban kowa a ka sa shi, ana dariya ana tsokana. Shi ya ce muryar iyalinshi ba ta taro ba ce, sai ranar da ɗakin ya zama babu kowa. Kullum yana aljihunshi." Ya share fuska da hannun riga. "Ɗakin kuwa bai taɓa zama babu kowa ba."

Ubanku ya rasu bai san ta tsiro ba. In wani ya sake kiran ku ƴaƴan Mai Gazon, ku ɗaga kai ku amsa.